Dutsen Dala: yadda Kano ta sauko daga kan tudu

Mai sauraro, in kana New Bell ko wata unguwar Hausawa a Duwala, ba dutse za ka gani ba, balle ganuwa. Amma da yawanmu in aka tambayi asali sai mu ce Kano. To, Kanon nan a jikin dutse ta fara.

Sunansa Dala. Masu binciken ƙasa sun gano cewa tun wajen ƙarni na 7 ake narka tama a wurin. Ka ga amfanin tudu: ga ƙarfe a kusa, ga shi kana hango maƙiyi tun yana nesa. Tarihin Kano ya ce nan Barbushe ya zauna yana yi wa Tsumburbura hidima, kafin sarautar Bagauda da ake lissafawa daga 999.

Ba mu kaɗai muka yi wannan dabara ba. In ka yi makarantar Faransanci, ƙila ka ji sunan Vercingétorix. Mutanensa, Keltawan tsohuwar Faransa, suna da gari a kan dutse mai suna Bibracte, kewaye da katangar itace da duwatsu. Can aka naɗa shi jagoran yaƙi da Romawa, shekara 52 kafin haihuwar Annabi Isa. Da Romawa suka ci ƙasar sai aka kafa sabon gari a ƙasa, wato Autun, jama'a suka koma can, daji ya rufe tsohon. Sai a 1867 aka soma tono shi.

Kanawa ma sun sauko, amma ba su bar dutsensu a baya ba, kuma a ganina nan hikimar take. Sarki Gijimasu (1095–1134) ya fara ganuwa, aka sa Dala a ciki, har da filayen noma. Ko an yi wa gari ƙawanya, akwai abin kaiwa baki. Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi, sai gari ya zama na fatake.

Ganuwar tana nan tsaye har zuwan Turawan Ingila a 1903. Yau kuwa ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu gini ke cin ta, wasu wuraren babu ko alama. In ka je sarin kaya, ɗauki yaranka ku hau Dala da sassafe: Goron Dutse na gefe, tsohon birni na ƙarƙashinku.