Ƙwayoyin Roba: Daga Bakin Wuƙar Masana'anta Zuwa Gaɓar Tekun Sri Lanka

A watan Yulin 2025 ne Kotun Ƙolin Sri Lanka ta umarci masu jirgin ruwan nan na X-Press Pearl da su biya diyyar dala biliyan 1, saboda ɓarnar da jirgin ya haddasa sa'ad da ya kama da wuta dab da tashar Kwalambo a watan Mayun 2021. Daga cikin kayan da ya zubar a teku har da ƙwayoyin roba kimanin tan 1,680, bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya.

Wanda bai taɓa leƙa masana'antar roba ba zai yi mamakin jin cewa buta da bokiti da leda duk daga irin waɗannan ƙwayoyi suke farawa. Girman kowace bai wuce na ƙwayar dawa ba, wato milimita 2 zuwa 5. Da gangan ake yanka su ƙanana, domin su zuba kamar hatsi, a auna su a buhu, su kuma narke daidai wa daida idan sun shiga inji.

Kafin a kai ga haka, sai an narkar da roba, sa'an nan wani dogon ƙarfe mai murɗe ya tunkuɗa ta cikin faranti mai ramuka. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar robar ta fito zare-zare tamkar taliya, ta bi cikin kwamin ruwa ta huce, a busar da ita, kana wuƙaƙe masu juyawa su daddatse ta. Wannan hanya ba ta da tsada, abin da ya sa masu sake narkar da tsohuwar roba ke yawan amfani da ita, ko da yake zaren yakan tsinke, sai ma'aikaci ya sa hannu ya mayar da shi.

Manyan masana'antun da ke sarrafa man fetur kuwa a cikin ruwa suke yankan. Wuƙaƙen suna manne da fuskar farantin, da zarar roba ta leƙo sai su fille ta tun tana narke, ruwan ya daskarar da ita ta dunƙule, ya kwashe ta zuwa na'urar busarwa. Aiki ne mai son lura ƙwarai, domin idan farantin ya yi sanyi robar za ta daskare ta toshe ramukan. Akwai kuma masu yankawa a iska, musamman robar PVC.

Sai dai kuma ƙanƙantar da ta sa masana'antu ke son ƙwayoyin ita ce ta zame wa masuntan Sri Lanka bala'i. Yawancinsu ba su kai ruwa nauyi ba, saboda haka igiyar ruwa ta yi ta jibge su a gaɓa, musamman a yankin Negombo, inda sojojin ruwa da 'yan sa-kai suka shiga kwasarsu da shebur, suna tankaɗe yashi da rariya. Kifi da tsuntsaye kan haɗiye su bisa zaton abinci ne. Hukumomi sun haramta kamun kifi na wani lokaci a tsawon kilomita 80 na gaɓar, kuma shekaru bayan haɗarin an ci gaba da tsintar ƙwayoyin a cikin yashin yankin.