Rarar hayaniya a layin intanet na gida: ma'anarta da yadda ake gano abin da ke cinye ta

1. Shimfiɗa

Duk da yaɗuwar intanet na wayar hannu da na zaren gilashi, akwai gidaje da ma'aikatu inda har yanzu layin tarho na jan ƙarfe ne ke kawo intanet, ta hanyar da ake kira ADSL. Ƙorafin masu irin wannan layi kusan ɗaya ne: yana aiki da rana, ya riƙa katsewa da dare, ko ya yanke ana tsakiyar aika takarda. A wannan ƴar maƙala za mu duba lamba ɗaya daga cikin waɗanda modem ke nunawa, wadda a faransanci ake rubutawa «marge de bruit». Ra'ayinmu shi ne lambar ita kaɗai ba ta faɗin kome. Hawanta da saukarta, in an gwama su da agogo, su ne ke tona asirin ciwon.

2. Kalmar da abin da take nufi

Fassarar «marge» da «gefe», kamar gefen shafi, ba ta dace a nan ba. «Tazara» ta fi kusa, amma mun zaɓi «rara», irin rarar hatsin da ke saura a rumbu bayan an fid da na ci. Dalili kuwa: kowane layi yana bukatar ƙarfin saƙo ya ɗara na hayaniya da wani mizani kafin a iya karanta shi. Abin da ya ƙaru bisa wannan mizani shi ne rarar hayaniya, kuma da desibal (dB) ake auna shi. Duk 3 dB ninki biyu ne na ƙarfi. Saboda haka rarar 6 dB, wadda ita aka fi sa wa layi, tana nufin hayaniya za ta iya ninkuwa sau 4 kafin kurakurai su wuce kuskure 1 cikin bit miliyan 10.

Masanin harshe ba baƙo ba ne a wannan fage. Ka'idar da Shannon ya fitar a 1948, game da saƙo da hanya da hayaniya, ta yi tasiri a kan tsarin sadarwa da Jakobson ya zana a 1960. Mu duba waɗannan jimloli:

(1) An niƙa gari.
(2) An shiga gari.

Rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, alhali shi ne ya bambanta kalmomin biyu. Amma mai karatu ba ya ruɗewa, don aikatau ya riga ya faɗa masa wane «gari» ne. Harshe yana da rara ke nan. In aka share aikatau ɗin, rarar ta ƙare, saƙo ya faɗi.

3. Yadda layi ke raba kayansa

Muryar tarho tana tsakanin 300 da 3400 Hz. ADSL yana aiki da abin da ke sama da haka. Ƙa'idar da hukumar sadarwa ta duniya ta tsayar a 1999 ta raba layin zuwa ƙananan hanyoyi 256, kowace mai faɗin 4,3125 kHz, har zuwa 1104 kHz. ADSL2+ na 2003 ya kai su 512, har zuwa 2208 kHz. Lokacin da aka kunna modem, yakan auna hayaniyar kowace hanya, ya ɗora mata bit gwargwadon abin da za ta iya ɗauka, daga 0 zuwa 15, ya bar rarar da aka umarce shi. Daga nan saurin layi ya tsaya. In hayaniya ta ƙaru, rara ce ke raguwa. In ta kai kusa da sifili, layi ya katse, modem ya sake awo.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Layin da ya katse da ƙarfe 9 na dare yakan sake haɗuwa cikin hayaniya, da sauri kaɗan. Da gari ya waye hayaniyar ta tafi, sai a ga rara ta kai 12 dB, mai gida ya ce layi ya warke. Bai warke ba. Rara mai yawa tare da saurin da ya ragu shaidar faɗuwar daren jiya ce.

4. Rara da agogo

Abin da muke ba da shawara ba ya bukatar kayan aiki: a rubuta rara, da sauri, da dusashewar layi («atténuation»), da yawan kurakuran CRC, sau huɗu ko biyar a yini, har mako guda, tare da sa'a da yanayin gari.

In rara tana sauka sannu a hankali daga magariba, ta dawo da hantsi, mai laifin galibi rediyo ne. Matsakaicin zango, daga 531 zuwa 1602 kHz, wani ɓangarensa yana cikin filin ADSL, dukkansa kuma yana cikin na ADSL2+. Da rana wani ɓangare na sararin sama yana shanye waɗannan igiyoyi. Da rana ta faɗi sai ya gushe, tashoshin nesa su iso, wayar tarho kuma ta zama eriya. Modem da ke zana bit na kowace hanya yakan nuna giɓi a daidai wurin: tashar da ke kan 612 kHz, misali, tana faɗawa kan hanya ta 142. Saukar ƴan desibal a wannan lokaci ba ciwo ba ce, muddin layi bai katse ba.

In kuwa rara tana faɗuwa farat ɗaya, ta tsaya ƙasa, sannan ta dawo farat ɗaya, to wata na'ura ce aka kunna. Tsohuwar caja, fitilar neyon, na'urar da ke juya wutar batir zuwa ta gida, injin wuta da maƙwabci ya tayar bayan an ɗauke kuran, injin walda a bakin titi: duk suna iya zuba hayaniya, sau da yawa mai maimaituwa sau 100 a daƙiƙa, tun da wutarmu 50 Hz ce. Ƙaramin rediyo mai batir, a sa shi matsakaicin zango inda babu tasha, yana gano ta: a zaga da shi ɗaki ɗaki, inda ƙugi ya yi ƙarfi nan take. A kashe na'urori ɗaya bayan ɗaya ana duban rara.

Dusashewa ita ce lambar da bai kamata ta motsa ba, don tsawon waya da kaurinta ne ke tsayar da ita, kimanin 14 dB kowane kilomita a waya mai kaurin 0,4 mm. In ta sauya, ko layi ya riƙa katsewa bayan ruwan damina, ko duk lokacin da tarho ya buga, sai a zargi mahaɗar waya da ta yi tsatsa ko ta sha ruwa, ko matatar da ke raba murya da intanet. Gwajin mai sauƙi ne: a cire duk tarho da ƙarin wayoyi, a haɗa modem a mashigar layi ta farko da gajeriyar waya. In rara ta daidaita, ciwon na cikin gida ne. In ba ta daidaita ba, kuma ana jin ƙaraf-ƙaraf a kan tarho, aikin na kamfani ne, kuma takardar mako guda ta fi «intanet ba ya aiki» amfani ga ma'aikacin da zai zo.

5. Kuɗin rara

Kamfani yana iya ɗaga rara zuwa 9 ko 12 dB, amma ba kyauta ba ne. Duk 3 dB yana cin kusan bit 1 a kowace hanya, kuma kowace hanya tana aika alama 4000 a daƙiƙa. Layi mai hanyoyi 250 da ke aiki zai rasa kimanin megabit 1. Wannan magani yana yi wa hayaniyar rediyo. Ga hayaniya mai zuwa kamar walƙiya kuwa bai cika amfani ba, don ƙarfinta ya wuce kowace rara. Abin da ke yi mata shi ne saƙa saƙo, wato «entrelacement»: a warwatsa guntayen kowane ƙunshi cikin lokaci, ta yadda bugu ɗaya zai ɓata kaɗan daga kowanne, lambar gyara ta maido su. Farashinsa jinkiri ne na wasu milidaƙiƙa, wanda mai aika takarda ba zai ji ba, amma mai magana kai tsaye da wani a ƙetare yana iya lura da shi.