Jinin da ke dawowa bayan al'ada ta ɗauke

Mace ta haura hamsin, al'ada ta ɗauke, sai zufar dare da zafin da ke taso mata daga ƙirji zuwa fuska suka hana ta barci. Likita ya ɗora ta a kan maganin da ke mayar wa jiki sinadaran da suka ragu, istirojin da furojestaron. Barci ya samu. Bayan 'yan makonni sai ga jini.

A Gombe, sau da yawa malamar Islamiyya ake fara tambaya: haila ce ko jinin ciwo, a yi salla ko a dakata? Tambayar na bisa hanya, amma hukuncin salla ba zai nuna inda jinin ya fito ba.

Ɗigon jini a watanni 6 na farkon shan maganin ba baƙon abu ba ne. Istirojin na ƙara wa bangon cikin mahaifa kauri, furojestaron kuma shi ke taka masa birki. Shi ya sa ba a ba macen da mahaifarta ke nan istirojin shi kaɗai, kuma nan haɗarin sayen maganin a kemis ba da takardar likita ba yake. Tsallake ƙwaya ma kan jawo jini.

Jinin da ya zarce wata 6, ko ya yi yawa, ko ya biyo bayan saduwa, ba a zama da shi a gida. A sashen mata na Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Jiha da ke Gombe, likita zai duba bakin mahaifa, domin sankararsa ce ta biyu wajen addabar matan Najeriya bayan ta mama. Sai hoton mahaifa. Ƙa'idar da likitocin Birtaniya suka fitar a 2024 ta ce idan kaurin bangon ya wuce milimita 4 ga mai shan sinadaran biyu kullum, ko 7 ga mai shan furojestaron na wasu kwanaki kawai a kowane wata, a zurfafa bincike, galibi ta hanyar ɗebo ɗan nama a gwada.

Wani nazari na 2018 ya gano cewa cikin mata 100 masu zubar jini bayan ɗaukewar al'ada, kusan 9 ne ke da sankarar mahaifa. Saura ƙari ne marar illa, ko bushewar farji, ko makamantansu. Idan gwaji ya fito lafiya, likita kan ƙara furojestaron ko ya sanya robar Mirena, mai sakin sinadari irin furojestaron, a mahaifa, ba sai an bar maganin ba.