Ba Kowane Ciwon Mara Ne "Sanyi" Ba

Ka tsaya minti goma a kemis ɗin unguwa bayan sallar isha'i, za ka ji kalmar. Mutum ya matso jikin kanta, ya yi ƙasa da murya, ya ce a ba shi maganin sanyi. Yaron shago ba ya tambayar komai, sai ya yanko kafso huɗu ya ƙulle a leda. Mai zafin fitsari sanyi yake cewa. Mai fitar da mugunya ma haka. Dattijon da fitsari ke yi wa gardama cikin dare shi ma sanyi, har da matar da ta shekara biyar ba haihuwa. Kunya ce ta haifi kalmar, kuma ta yi mana rana wajen rufin asiri. Sai dai a gaban likita ba ta nuna komai, domin ta tara cututtuka fiye da goma a buhu ɗaya, kowacce da maganinta daban.

Likitoci suna raɗa wa cuta suna ne daga wurin da ta zauna, don haka sai an san hanyar kafin a gane sunayen. Ƙoda biyu ne, a baya, ƙarƙashin haƙarƙari, kowacce kamar dunƙulen hannun mai ita. A cikin kowacce akwai 'yan matatu kusan miliyan ɗaya da ake kira nefron. Suna tace ruwan jini wajen lita 180 a wuni, su mayar da kusan duka cikin jiki, abin da ke fita a matsayin fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Daga kowace ƙoda siririn bututu ya gangara zuwa mafitsara, wadda ke iya riƙe kusan rabin lita. Daga mafitsara kuma bututu ɗaya ya fita waje. A mace tsawonsa bai wuce santimita 4 ba, a namiji ya kai 20. Wannan bambanci shi ya sa ƙwayoyin cuta suka fi saurin isa mafitsarar mace. Halitta ce, ba rashin tsafta ba, ba kuma alamar rashin kamun kai ba, kamar yadda wasu mazan ke yi wa matansu gori.

Kalmomin da ke kan takardar asibiti daga Girkanci da Latin suka fito, kuma haɗe-haɗe ne. "Nefro" da "rinal" duk ƙoda suke nufi. "Sisto" mafitsara. Kalmar da ta ƙare da "aitis" tana nufin kumburi ko harbin ƙwayar cuta, wadda ta ƙare da "yuriya" kuma tana magana a kan fitsari. Kenan sistaitis kumburin mafitsara ne, wato zafin nan da yawan zagayawa, a tsuguna a yi ɗan kaɗan. Idan ƙwayar ta haura zuwa ƙoda, sai zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon kwiɓi su shigo, nan ne sau da yawa ake ta ɗirkar maganin maleriya a banza. Haruffan nan uku, UTI, su ne jimlar harbin hanyar fitsari, kuma galibi ƙwayar da ke cikin hanji ce ke jawo shi, ba saduwa ba. Gonoriya, wadda ita ce ainihin ciwon sanyin da iyayenmu suka sani, ta saduwa ake ɗaukarta, kuma sai an yi wa miji da mata magani tare.

Himaturiya jini ne a fitsari. A garuruwan noman rani da na bakin dam, irin su yankin Kura da Kadawa, mun san shi da tsargiya. Yaro ya yi wanka a kududdufi, bayan 'yan watanni a ga ɗigon ƙarshe na fitsarinsa ja. A wasu ƙauyuka har ana ɗauka alamar balaga ce. Tsutsa ce da ke fitowa daga jikin katantanwar ruwa, ta huda fata, ta yi ƙwai a bangon mafitsara. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano ta a Alƙahira a 1851, shi ya sa ake ce mata bilhaziya. Ƙwayar firazikwantel tana kashe ta, amma in an bar ta shekaru tana iya toshe hanyar ƙoda ko ta kai ga dajin mafitsara. Babba kuwa da ya ga jini a fitsari, ko ba zafi, ko sau ɗaya ne, ya tafi asibiti a makon.

Dattijon da na ambata da farko, matsalarsa yawanci furostet ce, wani ƙullutu kamar ɗan goro da ya kewaye bututun fitsari a ƙasan mafitsarar namiji. Bayan shekara hamsin yakan girma ya matse hanya. Girman nan ba daji ba ne, ko da yake akwai dajin furostet, kuma gwajin jini na PSA na cikin abin da ake fara dubawa. Ranar da fitsari ya tsaya cik, mara ta kumbura, robar fitsari ce mafita, kada a kwana ana jiƙe-jiƙe. Tsakuwar ƙoda kuma ba ta ɓuya: ciwo ne daga kwiɓi zuwa matsematsi, mai sa ƙato birgima. Zafin ƙasarmu da ƙarancin shan ruwa suna taimaka mata.

Yoyon fitsari labarinsa daban. Doguwar naƙuda ce ke sa kan jariri ya danne mafitsara a jikin ƙashi har nama ya mutu, ƙofa ta buɗe. Ana ɗinke shi. Asibitin Babbar Ruga a Katsina ya yi suna a kan wannan aiki tun zamanin Dakta Kees Waaldijk.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce wadda ba ta da zafi ko kaɗan. Gazawar ƙoda tana tafiya shekaru shiru, kuma hawan jini da ciwon suga ne manyan masu jawo ta. A ƙara da shan diklofenak da ibufurofen kullum kamar gyaɗa, da haɗe-haɗen da ake talla da lasifika a tasha. Mutanen Gashuwa a Yobe sun daɗe suna kuka da yawan wannan ciwo. Alamar farko takan zama furotin a fitsari, wanda ke sa shi kumfar da ba ta kwanciya, daga baya fuska ta riƙa kumbura da safe, ƙafa da yamma. A takardar gwajin jini ka nemi kalmar kiriyatinin. Datti ne da ƙoda ke fitarwa, in ya taru to ta ja baya. Da shi ake lissafa ƙarfin tacewa, a raba ciwon mataki biyar. Mai lafiya lambar ƙarfin tacewarsa takan kai 90 ko fiye. Idan ta faɗo ƙasa da 15, an shiga mataki na biyar, inda ake maganar wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, awa huɗu kowane zama, ko kuma dashe, irin wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kuɗin zaman wanki ɗaya ya isa a gwada fitsarin gida guda sau da yawa.

In ka shiga wurin likita, ajiye kalmar sanyi a bakin ƙofa. Faɗa masa ina ne ke ciwo, tun yaushe, a farkon fitsari zafin yake ko a ƙarshe, sau nawa kake tashi da dare, wane launi kake gani, da duk abin da ka riga ka sha, har na gargajiya. In an ba ka kwalbar gwaji, ka wanke gabanka da ruwa, ka bar na farko ya zuba, ka tari na tsakiya, ka miƙa wa ɗakin gwaji kafin awa biyu. Kada ka sha kafso kafin nan, domin yana ɓoye ƙwayar da ake nema, sakamako ya fito ba komai alhali zafin yana nan.