Na'ura mai amsa tambaya da sirrin ma'aikata

Tun watan Nuwamba na 2022, da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT, mutane da yawa sun saba rubuta ma na'ura tambaya tana ba su amsa. Ana kiran wannan fasaha ƙirƙirarriyar basira, ko AI, ko IA a bakin masu Faransanci. Tana rubuta wasiƙa, tana taƙaita rahoto. Amma duk abin da kuka rubuta mata ta intanet ya bar hannunku, ya tafi cikin kwamfutocin kamfanin da ya mallake ta, a wata ƙasa. A 2023 wasu ma'aikatan Samsung, a Koriya ta Kudu, sun zuba bayanan sirri na aikinsu cikin ChatGPT don ta taimaka masu. Bayan haka kamfanin ya hana amfani da irin wannan fasaha a kan kayan aikinsa.

Mu ɗauki misalin asusun ajiya da bashi, irin waɗanda muka sani a Maraɗi ko Tawa. Cikin littattafansa akwai sunan kowane mamba, da abin da ya ajiye, da bashin da ake bin shi, da wanda ya tsaya mashi. In waɗannan suka fita, ɗan kasuwa zai ji labarin bashinsa a bakin abokin gasarsa, mace kuma za ta iske dangi sun san jika nawa ta tara. Ƙasarmu ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, ta sabunta ta a 2022, kuma dokar ce ta kafa hukumar HAPDP. Saboda haka tsare su wajibi ne a kan asusu.

Mi ake nufi da ajiye na'urar a gida?

Akwai manhajojin basira da ake iya saukowa a girka su cikin kwamfutar ma'aikata, kamar Llama ta kamfanin Meta da wasu na kamfanin Mistral na Faransa. In an yi haka, tambaya da amsa ba su fita waje. Abin yana da tsada: sai da kwamfuta mai ƙarfi, da wutar da ba ta yankewa, da ɗaki mai sanyi, da ma'aikacin da ya san aikin. Ƙaramar ƙungiya ba ta iyawa ita kaɗai, sai dai tarayyar ƙungiyoyi.

Mafi yawanci ba a cusa ma na'urar takardun duka. Ana ajiye su wuri dabam. In ma'aikaci ya yi tambaya, wata manhaja ta bincika ma'ajiyar, ta ɗauko shafukan da suka dace, ta miƙa ma na'urar, ita kuma ta karanta ta tsara amsa.

A nan ne mutane suke yin kuskure, suna zaton tunda na'urar tana cikin gida an gama. Na'urar ba ta san kunya ba, ba ta san babba da yaro ba. Shafin da aka miƙa mata, za ta karanta ma duk wanda ya tambaya. In an buɗe mata littafin albashi, sabon ma'aikaci yana iya tambayar albashin darakta ta faɗa mashi. Wasu suna rubuta mata umurni cewa kada ta faɗi kaza. A ganina wannan kamar ɗaure ƙofar rumbu da zare ne, domin mai wayo yana iya juya tambaya har ta faɗa.

Manoman da suka ajiye hatsi jingina don karɓar bashi sun san dabarar kwaɗo biyu a ƙofar magaza: makulli guda wurin ƙungiya, guda wurin asusu. Haka ya kamata a yi a nan. Kowane ma'aikaci ya shiga da sunansa da lambar sirrinsa, a kuma ƙara da lambar da ake aiko mashi ta salula. Sannan manhajar bincike ta duba izininsa kafin ta ɗauko takarda. Wadda ba shi da izinin buɗewa da hannunsa, kada ta kai ga na'urar a kan tambayarsa. Reshen Damagaram in zai tambayi kwamfutar da ke Yamai, sai ta hanya mai rufin asiri da ake kira VPN.

A ba na'urar ikon karatu kawai, ban da gyara lissafi ko aika kuɗi. Dalili shi ne, mugu yana iya ɓoye umurni cikin wasiƙar da ya aiko ma asusu, na'urar ta karanta ta bi, tana zaton daga masu gida ya fito. Tana kuma yin kuskure ta faɗe shi da cikakken tabbaci. Don haka a tsara ta ta riƙa nuna shafin da ta ɗauko amsa, magatakarda ya gwada lambar da littafi kafin ya sa hannu. A ajiye rajistar wanda ya yi tambaya da ranar da ya yi ta, kwamitin bincike ya riƙa dubawa. Ma'aikacin da ya bar aiki kuwa, a rufe lambarsa ranar da ya maido makullin ofis.