Abubuwan da ke tsawwala kuɗin hutun iyali a jirgin ruwan yawon shaƙatawa

Duk wanda ya ga tallar hutun mako guda a jirgin ruwan yawon shaƙatawa a Tekun Bahar Rum, daga Basalona zuwa gaɓar Italiya da Faransa, zai iya ɗauka farashin da aka rubuta shi ne abin da zai fita daga aljihunsa. Ba haka abin yake ba. Wannan adadi kuɗin mutum ɗaya ne, kuma bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗaki ɗaya, galibi ɗakin ciki marar taga, wanda shi ne mafi araha a jirgin.

Daga nan lissafi ke fara hawa. Ɗaki mai taga ya fi na ciki tsada, mai baranda ya fi mai taga. Amma abin da ya fi shafar magidancin ƙasar nan shi ne yawan iyali. Akasarin ɗakunan jiragen nan ba sa ɗaukar fiye da mutum huɗu. Mai mata da 'ya'ya biyu zai samu sauƙi, domin na uku da na huɗu a ɗaki ana yi musu rangwame. Mai 'ya'ya huɗu ko biyar kuwa sai ya kama ɗaki biyu, kuma mutum biyun farko a kowane ɗaki cikakken kuɗi za su biya, ko da yara ne. Wato kai biyu da aka ƙara kan iya kusan ninka kuɗin tafiyar, abin da talla ba ta cika faɗa ba.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin. A Bahar Rum farashi na kai ƙololuwa a Yuli da Agusta, lokacin hutun makarantun Turai, wanda ya yi daidai da dogon hutun yaranmu. Watannin Mayu da Oktoba sun fi sauƙi, sai dai yara na aji. A Tekun Fasha kuwa, inda jirage ke tashi daga Dubai, kakar tafiya lokacin sanyi ce, kuma makon Kirsimeti da sabuwar shekara ya fi kowanne tsada. Sabon jirgi, irin Icon of the Seas da ya fara aiki daga Miami a Janairun 2024, ya fi tsohon jirgi kuɗi ko da hanyarsu ɗaya.

Sai kuɗaɗen da ke biyo baya. Manyan kamfanonin Amurka na ɗora wa kowane fasinja kuɗin hidimar ma'aikata a kullum, abin da ke kai wa wajen Dala 16 zuwa 20. Idan aka ɗauka Dala 18 ce, iyali mai mutum shida a kwana bakwai zai biya Dala 756, ba tare da ya sayi ko lemun kwalba ba. Abincin babban ɗakin cin abinci yana cikin kuɗin tikiti, amma intanet da lemun kwalba da wanki da zagayen gari idan jirgi ya yada zango duk daban ake biya. A nan kamfanonin ke cin riba mai tsoka, shi ya sa ba sa jin ƙyashin karya farashin ɗaki.

Gwamnatoci ma ba a bar su a baya ba. Kowace tashar jiragen ruwa na karɓar haraji a kan kowane fasinja, kuma a 2025 ƙasar Girka ta fara karɓar Yuro 20 daga duk wanda ya sauka tsibiran Santorini da Mykonos a tsakiyar kaka. Tun Janairun 2024 kuma Tarayyar Turai ta sanya manyan jiragen ruwa cikin tsarin biyan kuɗin hayaƙin da suke fitarwa, wanda a ƙarshe kan fasinja yake komawa.

Ga ɗan Najeriya, babban nauyin yana faɗowa ne tun kafin ya taka jirgin. Dole ya sayi tikitin jirgin sama na kowa da kowa zuwa tashar da za a tashi, kuma sau da yawa wannan ya kan zarce kuɗin hutun kansa. Mai hankali zai isa kwana guda kafin tashi, domin jirgin ruwa ba ya jiran wanda ya makara, ga kuɗin otal ke nan. Bizar Schengen Yuro 90 ce ga babba tun Yunin 2024, Yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, kuma ba a mayar da ita idan an hana mutum. Duk waɗannan da Dala ko Yuro ake ƙiyasta su, alhali Naira ta faɗi warwas tun da aka sake ta ga kasuwa a Yunin 2023.

Masu zuwa Umara da iyali na iya duba kamfanin Aroya na Saudiyya, wanda ya fara zirga-zirga daga Jidda a Disambar 2024. Idan aka haɗa hutun da Umara, tikitin jirgin sama ɗaya ya wadatar, amma a tabbatar bizar da ke hannu ta ba da damar fita da sake shiga ƙasar, domin jirgin kan yada zango a tashoshin wasu ƙasashe.