Narsingh Yadav: Kokawar da Ta Ƙare a Kotu

Narsingh Yadav, ɗan kokawar Indiya a ajin kilo 74, yana birnin Rio don gasar Olamfik ta 2016 shari'arsa ta juye. Kafin nan, gwaji ya nuna methandienone, maganin ƙara tsoka, a jikinsa. Ya dage cewa makirci ne, zuba masa aka yi a abinci ko abin sha. Hukumar yaƙi da magungunan ƙara kuzari ta ƙasarsa ta wanke shi, amma takwararta ta duniya, WADA, ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun wasanni ta CAS, wadda ta ce bai kawo hujja ba. Ana gobe zai shiga fili aka dakatar da shi shekara 4.

Abin da ke damuna, dokar ta ɗora wa ɗan wasa tabbatar da yadda maganin ya shige shi, aiki mai wuya ga mai cin abincin sansanin horo.